Jika bakwai, babu santi

Akwai wata ƙarya da mu ɗaliban jami'a muka ƙware a kanta har mun daina jin ta a matsayin ƙarya. Ita ce "akwai daɗi" da muke faɗa duk lokacin da aka kai mu inda abinci ke da sunan Turawa. Yaron da a gidansu in gishiri ya gaza a miya sai ya ture kwano, ya kumbura fuska har uwarsa ta sani, shi ne za ka tarar gaban farin faranti ya riƙe cokali mai yatsu kamar bik ranar jarrabawa, yana tura abu a wuya da ƙyar, yana gyaɗa kai. Ka tambaye shi yaya, ya ce maka c'est bon. Ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, ƴan ajinsu su yi ta zuba masa "sai ku manya". Da dare ya koma ɗaki ya jiƙa gari.

Kakanninmu sun san baki na iya ƙarya a kan abinci, shi ya sa suke da kalmar santi. Santi ba a shirya shi. Mutum na cikin ci sai ka ji ya ɓalle da zancen da ba kai ba gindi, ko ya hau yabon wadda ta haifi mai girkin, ko ya ɗauki alkawarin da ba zai iya cikawa ba, jama'a su fashe da dariya su ce wane santi yake. Duk Faransancin da aka ɗura mana tun daga CI bai ba mu kalma guda da za ta ɗauki wannan ba. To da wannan ma'auni nake so mu auna abin da zan faɗa muku.

Da bursi ya fito, bayan jiran da kowa ya sani, mu huɗu muka shirya cin abin duniya a Yamai: ni daga Keita, wani ɗan Buza, wata ƴar Madawa, da wani abokinmu haifaffen birni wanda shi ya kawo shawarar. Ya ce zai kai mu mu ci abincin Italiya na gaske, mu daina zama ƙauyawa. Ba zan faɗi sunan gidan ba, don irinsa ba ɗaya ba ne, kuma ba da mai shi kaɗai nake faɗa ba. Akwai tuta kore da fari da ja a bango, akwai hoton hasumiyar nan mai karkata, akwai sanyin na'ura. Aka miƙo mana takardar abinci mai bango kamar kundin digiri.

Ni na zaɓi spaghetti bolognaise, jika 7. Da aka kawo, ƙasan taliyar ya caɓe ya manne da faranti, samanta kuma ya bushe ya yi tsinke-tsinke, alamar tun rana aka dafa ta aka ajiye, da muka zo aka ɗumama. Miyar tumatirin gwangwani ce da ba a tsaya an soya ba, tsaminta na nan ɗanye da ɗanɗanon ƙarfe. Naman an niƙa shi, ya ƙandare kamar tsakuwa a shinkafa. An barbaɗa wani farin gari a kai wai shi cuku, ƙamshinsa ya fi kusa da sabulu. Na juya farantin nan kaf da cokali ina neman albasa, ko yanki guda ban gani ba. A Nijar fa! Pizzar ɗan Buza gefenta ya ƙone, tsakiyarta ƙullu. Ƴar Madawa an kawo mata taliya cikin wani farin ruwa mai kauri mai ƙarnin madara, ta ci cokali uku ta koma shan ruwa.

Ɗan Buza ne ya fara magana, ƙasa-ƙasa: "Wallahi da innata tad dahwa wagga taliya, da yau gidansu za ta kwana." Ƴar Madawa ta taka masa ƙafa: "Kai ƙyale, kak ka ba mu kumya." Yaron da ke kawo abinci, wanda tun shigarmu Faransanci yake yi mana, ya ji bakinmu. Da ya zo kwashe faranti ya sunkuyo ya ce, "Ku yi haƙuri ƴan gida, mu ma ba mu cin shi, tuwonmu na can baya." Ashe ɗan Adar ne. Da lemo da komai muka biya jika 38. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 jika 42 ne a wata. Zama ɗaya mun kusa cinye watan lebura, kuma babu wanda ya yi santi. Da mai karɓar kuɗi ta tambaye mu ko mun ji daɗi, bakuna uku cikin huɗu suka ce ƙwarai.

A hanya na ce abincin nan bai yi ba. Abokinmu ɗan birni ya ce, "Matsalarku ba ku saba ba." Wannan magana ita ce sandar da ake kashe mana baki da ita, kuma ita nake so in karya.

Akwai abin da ba ka saba da shi ba, akwai kuma abin da ba a dafa da kyau ba, kuma harshe ya san bambancinsu. Baƙon da ya fara cin miyar kuka yana iya ƙin yauƙinta, wannan rashin sabo ne. In kuwa tuwon da aka ba shi ɗanye ne da gudaji, to ba sai ya shekara goma a Adar zai gane an cuce shi ba. Ƙullu ɗanye ɗanye ne a Napoli, ɗanye ne a Tamaske. Kuma wa zai koya wa Bahaushe ɗanɗano? A 1955 wani Bature masanin Hausa, F. W. Parsons, ya rubuta maƙala guda sukutum a kan wani rukunin sunaye da muke da su na abin da jiki ke ji: zaƙi, ɗaci, tsami, bauri, gardi, zartsi, ƙauri, ƙarni, yauƙi, santsi, taushi, tauri. Ku faɗe su da ƙarfi ku ji, duk siffarsu ɗaya, gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, karin sauti sama, su ƙare da dogon i. Harshen da ya ware wa ɗanɗano da ƙamshi ƙirar kalma tasu ta kansu, masu shi ne za a ce ba su san abin da ke bakinsu ba? Muna da sunan kowace cuta da ke cikin farantin nan. Tsoron a ce mana baƙauye ne ya hana mu kiran su.

Abin da ya tsorata mu kuwa takarda ce, don haka bari mu buɗe takardar. Wannan shi ne amfanin karatun harshe, ko ba ya kawo aiki yana kawo dariya. Spago a Italiyanci igiya ce, spaghetti kuwa ƴan igiyoyi. Vermicelli ƴan tsutsotsi. Penne alƙaluma, don an fere bakinsu kamar alƙalamin kara. Farfalle malam buɗe littafi. Orecchiette ƴan kunnuwa, linguine ƴan harsuna. Miyar da ake kira arrabbiata ma'anarta mai fushi, saboda barkono. Tiramisù, wanda ake sayar mana da yanki guda kuɗin buhun gawayi, cewa yake ja ni sama. Yanzu ku ajiye waɗannan kusa da namu: ɗan wake, dafa-duka, garau-garau, wasa-wasa, ƴar tsala. Ina bambancin? Duk sunaye ne da mata suka raɗa a bakin murhu, suna kallon siffar abu ko ƙarar da yake yi a baki, suna raha. Da an rubuta a takardar nan "ƴan igiyoyi da miyar Bolonya, jika bakwai", wallahi da ɗan Buza ya nemi ragi. Da ya ɗanɗana kuma da ya mayar. Rashin jin ma'anar ne ya sa kalmar ta yi mana kwarjini, mai gidan kuwa kwarjinin yake sayarwa, taliyar gyara ce.

Abin haushin, sunan ma na bogi ne. Mutanen Bolonya ba su cin miyar namansu da spaghetti, da wata taliya mai faɗi suke ci, tagliatelle. Sun ɗauki abin da zafi har a 1982 aka kai yadda ake haɗa miyar aka ajiye a rubuce a ofishin ƴan kasuwa na birnin, kamar takardar gona. Cikin abin da aka rubuta akwai albasa, ana soya ta a hankali tun farko. Mu da ke zaune a kan albasar da Akara da Abijan ke jira, an kawo mana miyar babu ita.

Ita kanta taliya ba baƙuwarmu ba ce, kuma sunanta ya shaida. Da yawa suna cewa daga Italiya kalmar ta fito, an yar da wasalin farko. Suna da abin kamawa: Larabawan Tarabulus da Tunis Talyan suke kiran mutanen Italiya, Italiya ta riƙe Libiya daga 1911 zuwa 1943, fataken Gadamas kuwa sun daɗe da zama a Kano da Damagaram. Ni na fi karkata ga wata tsohuwar kalmar Larabci, itriya, sunan busasshiyar taliya mai kama da zare. A 1154 al-Idrisi, masanin ƙasa da ya yi wa Sarki Roger na Sisiliya aiki, ya ba da labarin wani gari kusa da Palermo, Trabia, inda ake yin itriya da yawa ana loda wa jirage zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Har yau a kudancin Italiya akwai abincin da ake kira tria, a Murcia ta Sifen kuma aletría, duk jikokin kalmar ne. Daga itriya zuwa taliya tafiyar ba ta da nisa ga bakin Bahaushe: ba ma son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma sai mun cusa wasali, kuma musayar r da l ai a gidanmu take, mu da ke cewa halshe da galma inda Bakano ke cewa harshe da garma. Kowace hanya ka bi, Larabci ne gadar, kuma kalmar ta zauna a bakin kakanninmu tun ba a rataya tuta a bangon wani gidan abinci ba.

Ba sunan kaɗai ba, har sana'ar. Wace unguwa ce a Madawa babu matar da ke da injin murza taliya? Ta kwaɓa fulawa, ta murza, ta shanya a igiya, yara na korar kaji. A dafa da wake, a zuba mai da yaji, a yanka albasa ɗanya a kai. Dala ashirin ka ƙoshi. A Italiya taliyar da aka murza a gida ita ce mai daraja, ita ake yi wa baƙo ranar Lahadi. Mu kuma mun sa mata suna abincin ƴan makaranta, mun tafi biyan jika bakwai a kan maka ta leda da aka ɗumama.

Wai kuma kunyar cokali mai yatsu. Ku nemi tsofaffin hotunan Napoli na ƙarni na 19. Za ku ga talakawa tsaye a bakin titi gaban mai tukunya, sun ɗebo taliya da hannu, sun ɗaga ta sama, sun buɗe baki. Abincin titi ne na marasa hali, kamar yadda muke tsayawa wurin mai dambu a tasha. Mutanen nan yunwa ta kore su daga ƙauyukansu da miliyoyi tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da yaƙin duniya na farko, suka bazu Amurka da Ajantina da Barazil da Faransa, maza a gaba, mata a gida suna jiran saƙo. Ɗan Adar bai buƙatar a fassara masa wannan, sunansa cin rani. Har ta wajen harshe ma ƴan'uwanmu ne: masaninsu Tullio De Mauro, a littafinsa na 1963, ya ƙiyasta cewa lokacin da aka haɗa ƙasar a 1861, kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai ke iya Italiyancin littafi. Sauran kowa bakin garinsu yake yi, kamar yadda muke Adaranci ana yi mana dariya a aji. Abincin da duniya ke rububi yau, abincin ƙauyawa ne masu karin harshe. Ba su jira sun zama ƴan birni kafin su ce nasu na da daɗi ba.

Mu mutanen Keita ma ba a hoton bango muka san Italiya ba. A 1984, shekarar yunwar da iyayenmu ke kira El Buhari, aka buɗe Furoje Keita da kuɗin gwamnatin Italiya, FAO na gudanarwa, PAM na biyan ma'aikata da abinci. Daga baya aikin ya faɗaɗa har Buza da Abalak. Aiki ne na dutse: a jera shi a kan fako don ya tare ruwa, a haƙa ramuka a jikin tudu a dasa itace, a gina madatsai a cikin ƙoramu. Zuwa farkon shekarun 2000 an farfaɗo da sama da hekta dubu 30, an dasa itatuwa wajen miliyan 18. Su wa suka ɗauki duwatsun? Galibi mata, don maza na Najeriya da Abijan da Libiya. Innata na cikinsu. Har yau in muka bi ta wani tudu takan nuna layin dutse ta ce wannan da kanmu munka ɗauko shi. Ba ta taɓa jin kalmar bolognaise ba, amma ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Italiyawa cikin ranar Adar, kuma abin da suka bari tare ana noma a kansa, ana kiwo a kansa. In akwai mai haƙƙin cewa ya san Italiya a ƙasar nan, ita ce, ba wanda ya haddace takardar abinci ba. Shi ya sa raina ya ɓaci da ɗanta ya zauna a Yamai ana ce masa bai saba ba.

To mene ne Italiyawa suka iya wanda ya kamata mu yi kishi? Sun iya riƙe suna. Cukunsu da ake kira Parmigiano Reggiano, sunan garuruwa ne, Parma da Reggio Emilia. Masu yin sa sun haɗa ƙungiya tun 1934. Ba ka isa ka buga sunan a kan cukunka ba sai a yankin aka tatsi nonon, a yankin aka yi shi, ya kwana aƙalla wata 12, an zo an ƙwanƙwasa an duba. Wanda ya saci sunan a Turai kotu za ta raba su. Saboda haka manomin ƙauye can yana cin kuɗin sunan ƙauyensa. Garin nan mai ƙamshin sabulu da aka barbaɗa mini, da a can ne, ba a isa a kira shi da sunan ba.

Mu fa? Albasar Galmi, da ake nomawa daga Galmi zuwa Madawa, a fadamun Tarka da Majiya, a Tamaske, a Karofan, duk Afirka ta Yamma ta san launinta da yajinta. Ta yi sunan da har wani kamfanin iri na Senegal ya taɓa neman a rubuta masa irin a matsayin mallakarsa a OAPI, hukumar da ke rajistar irin waɗannan abubuwa, sai da manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye. Yanzu an yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar sunan asali a hukumar. Madalla. Amma takarda a ofis ba ta cika tukunya. Je ka Madawa a watan Maris ko Afrilu lokacin da albasa ta fito gaba ɗaya, ka ga buhuna jibge bakin hanya, farashi ya faɗi ƙasa, manomin da ya ci bashin mai da taki dole ya sayar. Mai ɗan hali ya zuba a rudu ya jira tsada, rabi na ruɓewa yana kallo. Kilishin Madawa, wanda duk motar da ta tsaya sai fasinja sun sauka sun saya, a takardar siminti ake naɗe shi, babu sunan mai yi. Cukun da matan Buzaye da Fulani ke shanyawa a arewacin Tawa, mai gardi in an gasa shi, bai taɓa hawa takardar abinci mai bango ba. Gabu, da ake daka ganyen albasa a shanya, wanda ɗan kaɗan ke tayar da miya, ɗalibi na jin kunyar a gan shi da shi a jaka.

Tumatirin ma haka. Matanmu na yanka shi su shanya a rana don kada ya lalace, mu ce abin talaka ne. Italiyawan kudu na yanka shi su shanya a rana, su zuba a kwalba da mai, a sayar da tsada. Rana ɗaya ce fa. Gwangwanin da ya kore namu daga tukunya kuwa, mai suna kamar na Italiya da launin tutarsu, wani ɗan jaridar Faransa, Jean-Baptiste Malet, ya bi sawunsa a littafin da ya fitar a 2017, ya nuna yadda da yawansa markaɗaɗɗen tumatirin Sin ne da ake kawowa a ganguna a sake zubawa. Wanda ake nomawa a Italiya da gaske, su wa ke tsinkarsa? A gonakin Foja akwai dubban ƴan Afirka, da yawansu ta hanyar Agadas suka bi, suna cika akwatuna a kan kuɗi kaɗan ƙarƙashin ƴan kamasho. A watan Agusta na 2018, cikin kwana uku, haɗarin mota biyu ya kashe 16 daga cikinsu suna dawowa daga gona. Duk wannan na cikin jan abin nan mai ɗanɗanon ƙarfe da muka biya muka ce ƙwarai.

Na san abin da mai gidan abincin zai ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Zai ce tun 2023 iyakar Benin a rufe take, kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina, cuku na Turai ya yi tsada, wuta na ɗaukewa, firij na mutuwa, haya na cin sa. Na yarda. Amma wace iyaka ce aka rufe tsakanin Yamai da Madawa? Motocin albasa kullum suna shigowa. Tumatir ɗanye na kasuwa, nama na mahauta, fulawa da ƙwai na kanti, injin murji bai kai kuɗin faranti uku na gidansa ba. Da ya murza taliyarsa da safe, ya soya albasar Galmi har ta yi zaƙi, ya dafa tumatir na gaske, ya goga cukun Tawa a kai, da ya fi kusa da abin da tsohuwar Bolonya ke yi, don ita ma abin da ke bayan gidanta take dafawa. Bai yi ba saboda ya san mu. Ya san hoto muka zo ɗauka, ya san ba za mu mayar da faranti ba, ya san in ɗayanmu ya buɗe baki ɗan'uwansa zai taka masa ƙafa. Mai tuwo a tasha ba ta isa ta yi mana haka ba, ranar za ta ji ta bakin kowa, gobe kuma ta rasa ciniki. Muna da baki a kan talaka, a gaban mai tuta ne muke zama kurame.

Kada wani ya ce na ce a daina cin abincin wasu. Ni ina so in ci pizza da aka gasa da kyau, kuma ranar da na samu zan yi santi a gaban kowa ba kunya. Tumatirin kansa daga Amurka ya zo wa Italiyawa a ƙarni na 16, barkonon yajinmu ma daga can, rogon garin da muke jiƙawa ma daga can. Tukunya ba ta tambayar fasfo. Abin da nake ƙi shi ne a sayar mini da kalma a kuɗin nama, ni kuma da ke karatun kalmomi in biya in yi godiya.

A watan Maris na 2025 aka rubuta a kundin ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki. Mun yi ta muhawara a kai a fakulte, wasu na murna, ƴan'uwanmu masu wasu harsuna na tambayar ina matsayin nasu, kuma tambayarsu tana kan hanya. Ni dai abin da na lura, tun daga ranar ban ga takardar abinci guda da ta canja ba. Ko a gidajen da ke sayar da namu, sai ka ga an rubuta pâte de mil, sauce feuilles, boule. Tuwo ya zama pâte, kalmar da ke nufin ƙullu kowane iri. Miyar kuka da ta yakuwa da ta lalo da ta tafasa duk sun zama miyar ganye, sai ka ce akuya za a ba. Hura, da ake daka gero a dafa a kirɓa a dama da nono, ta zama boule, wato dunƙule. Su sun sa mu haddace ƴan tsutsotsi da ƴan kunnuwa harafi da harafi, mu mun kasa sa kowa ya furta kalma mai gaɓa biyu. Wanda ya iya cewa tagliatelle zai iya cewa tuwo in ya ga ba a ba shi wani suna ba.

Wannan aikin kuma namu ne, mu ƴan harshe, ba na minista ba. Hutu na zuwa, kowa zai tafi gida. A zaman ƙungiya na gaba zan kawo shawara mu raba garuruwa: ni zan ɗauki Keita da Ibohaman da Garhanga, ɗan Buza ya ce zai yi Karofan da Tama, ƴar Madawa ta ɗauki Bangi da Sabon Gida. Kowa ya zauna da tsofaffin gidansu da kaye da bik, ya rubuto sunan kowane abinci yadda suke furta shi, ba yadda Kano ke rubutawa ba, da abin da ake sawa, da lokacin da ake ci, da wanda aka daina yi tun bayan El Buhari da dalilin dainawa. A tambayo sunayen irin albasa da na gero da na wake, da kalmomin da mahautan Madawa ke amfani da su daga yanka nama zuwa shanya shi zuwa tsoma shi a yaji. In ya taru mu buga a fitowa ta gaba, ko da shafi ashirin ne. Kuɗin fotokofi ba zai kai jika 38 ba. Har yanzu babu wanda ya ɗauki Tamaske.